Kananzir a Kwalbar Rubutu

A shekarar da aka karya darajar sefa, wadda mutanen Garwa suka kwana da kuɗinsu suka tashi da rabi, ina da shekara tara. Ba don kuɗin na riƙe shekarar ba, don kananzir ne. Har yau in na ji warinsa, sai shekarar ta dawo mini sabuwa.

Mai karatu, in ba ka riski zamanin ba, ka sani kananzir a gidanmu bai tsaya ga fitila ba. Da shi Inna ke kunna risho in damina ta jiƙa itace. Goggo, ƙanwar Baba da ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta, takan gauraya shi da man gyaɗa ta shafa wa 'yan mata a kai saboda kwarkwata, ta ɗiga a ƙafafun gado don kuɗin cizo, ta goge tsatsar kekenta na ɗinki. Duk kananzir ɗin gidan a hannunta yake. Da ya yi tsada, Baba ya ce duk wanda ya zubar da ɗigo ɗaya zai gamu da shi.

Kakanmu kuma yana da al'adarsa. Kowace kwalba sai ya liƙa mata takarda da ajami, ya rubuta abin da ke ciki.

Wata rana da hantsi Goggo ta aike ni sayen rabin lita. A hanyar dawowa na yi tuntuɓe, kwalbar ta tsage, kananzir na bin hannuna. Na shigo a guje, na tarar da kwalbar rubutun sha an wanke an kife a ƙofar Kaka. Na iya karatu, na kuma karanta takardar. Duk da haka na juye a ciki, na jefa tsagaggiyar bayan katanga. Niyyata in gaya wa Goggo, sai na ji gyaran muryar Baba a zaure, na sulale.

Ƙanwata tana da shekara uku, tana fama da tari, kuma daga wannan kwalbar ake ba ta rubutu kullum. Ta san tata ce.

Kafin azahar na ji salatin Inna. Na tarar da yarinyar a hannunta, numfashi na fita da ƙyar, bakinta duk wari. Wata maƙwabciya ta ɗura mata manja, ta yi amai, abin ya ƙara muni. Baba ya saɓa ta a kafaɗa ya hau babur zuwa asibiti ba takalmi. Kwana uku ban iya haɗiye loma ba. Ina roƙon Allah Ya tashe ta, ina alkawarin zan faɗi gaskiya, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Da Baba ya tara gida ya tambayi wanda ya zuba, Goggo ta dube ni sau ɗaya, ta ce, "Yaya, kananzir a hannuna yake."

Ya ce kada ta ƙara taɓa masa 'ya'ya. Allah Ya ba ƙanwata lafiya. Goggo kuwa ta ɗora kekenta a saman mota ta koma garin Gidar. Baba ya rasu bai san gaskiya ba. Ƙanwata ta girma tana jin cewa sakacin Goggo ne ya kusa kai ta kabari, ko gaisuwar salla ba ta aika mata.

Bara na ji Goggo na kwance, na tafi Gidar. Na durƙusa a gaban tabarmarta na faɗi komai. Ta yi murmushi, ta ce ai ita ta wanke rigata ranar, sai da ta yi mata sabulu uku. Ta ce ta tsorata da abin da Baba zai yi mini a cikin wancan fushin. Na nemi gafara, ta ce ba tukuna ba.

"Kira min 'yata, ƙanwarka, a waya. Faɗa mata da bakinka, ina ji."

Na kira. Na faɗa. Ƙanwata ta daɗe tana kuka a waya kafin ta iya cewa a ba ta Goggo. Da suka gama, tsohuwar ta miƙo mini wayar, ta ce, "Yanzu na yafe, ɗan nan. Ba ni da komai a wuyanka."

Yau babu kananzir a gidana, fitilunmu rana ke ba su wuta. Amma har yanzu ina liƙa wa kwalabe takarda da ajami, kuma ban ƙara zuba wa wata abin da ba sunanta ba.