Asusun Magen Hajiya

Jiya da hantsi likitan dabbobi yana tsaye a falona yana jiran kuɗin aiki, ni kuma ina tsugune da taɓarya a kan asusu.

Bara wani mai rataye da jaka ya bi gidajen Nasarawa yana tallar inshorar dabbobi. Tunda kuɗin mai ya fara malala, har mage daga Dubai ake yo odarta, kamar tamu. Na sallame shi. Na ce wanda ya karanci tattalin arziki ba ya biyan kamfani ya riƙe masa kuɗinsa. Na sayi asusun ƙasa, duk wata ina jefa dubu biyar.

Sai ga mage ta haɗiye ƙayar kifi. Ina fasa asusun, ƙananan takardu suka zubo: "Ankon biki." "Gudummawar suna."

Na ce, "Hajiya, kuɗin jinyar magenki ne fa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Alhaji, da kamfanin ka kai, ai tsinken tsintsiyata ba zai zaƙulo su ba."

An ciro ƙayar, da kuɗin tayar motata.

Jama'a, wa ya san inda ake yi wa asusu inshora?