Shafukan da Ke Aljihun Sufeto

Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina wanke-wanke da yamma, Sajan na ofishinku ya yi sallama, hularsa a hannu. Ya ce motar sintiri ta kife da ku kana sauri ka miƙa aiki ka riski lacca a jami'a. Sauran sun tsira da rauni, kai kuwa Allah Ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A littattafan da nake karantawa, nan ne matar take faɗuwa sumammiya. Ni na ɗauraye hannuna, na rufe famfo.

Sufeto, mijina, mutane sun shaide ka, kuma ba su yi ƙarya ba. Wata tsohuwa ta zo tana kuka, ta ce kai ka nemo mata jikanta da ya ɓata, ka goyo shi har gida. Abokan aikinka sun ce ba ka taɓa marin wanda ake tuhuma ba. Ni ma shaida ce, ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba. Ai a kan haka kake rubuta kundin digirinka na biyu: yadda za a sa mai laifi ya yi magana ba tare da duka ba. Ka sha gaya mini dabarar kana kwance takalmi. Ka ce a gano abin da mutum ya fi so, a riƙe masa shi, sauran aikin shi zai yi da kansa.

Ba ka da lokaci, aiki da safe, aji da yamma. Sai ka riƙa naɗar muryarka a waya cikin mota, ni kuma in buga a kwamfuta a teburin falo. Ban manta alherinka ba, domin ba ka taɓa dawowa daga tafiya ba sai da sabon littafin soyayya. Za ka zauna ka sa reza ka yanke shafukan ƙarshe a tsanake, ka ninke, ka sa a aljihun gaban kaki.

"Gama mini babi na uku, 'yar littafi, sai ki ji ko sun yi aure."

In abokanka sun zo kana ba su labari. "Madam ta fi ɓarayin kasuwa saurin ba da haɗin kai." Su yi dariya, ni ma in yi, ina zuba musu shayi. A littattafan, miji mai taurin zuciya yakan yi laushi gab da ƙarshe, ya riƙe hannun matarsa ya nemi gafara. Na ɗauka namu babin ne bai iso ba.

Sau ɗaya na aro cikakken littafi wurin maƙwabciya. Da ka shigo, fuskata kawai ka duba. Ka ja kujera ka zauna gabana, ka kafe ni da ido, har na fashe da kuka na ɗauko shi daga ƙarƙashin katifa. Shi ma ka yanke. Haka na mayar mata da shi, kuma har yau ba ta sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba.

Da Sajan ya kawo kayanka, Hajiya mahaifiyarka ce ta laluba aljihun ta zaro takardun. Ta manna su a ƙirji ta ce, "Ɗana ya rasu da karatunsa a aljihu." Ban gyara mata ba.

Farfesan da ke duba aikinka ya kira. Ya ce in aka kawo babi na ƙarshe, jami'a za ta iya ba ka digirin ko bayan ranka. Wannan babin ka san ba ka naɗi ko kalma ɗaya a kansa ba. Gajiya ta hana ka, ka ce in harhaɗa da kaina tunda na haddace maganarka, na kuwa rubuta shi kaf. Hajiya har ta sa an cire agogon bango don a rataye takardar shaidar. Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ki taimaka ki ba su, shi ne kawai abin da ya rage mini."

Allah Ya jiƙan ka, Sufeto, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sauƙaƙa maka tambayar kabari, kada Ya riƙe maka abin da ka fi so. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da yayunka da ƙannenka, da abokan aikinka. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Na karɓi shafukan daga hannun Hajiya, na karanta. Sun yi aure. Yau da safe na goge babi na ƙarshe daga kwamfutar, na kira Farfesa na shaida masa cewa ba ka rubuta shi ba.