Bakanike da Keken Saƙa

A bencin asibiti nake, hannuna na rawa, ina jiran a fito da mahaifina daga tiyata. Kusa da ni wani dattijo yana fama da keken saƙa na roba, zagayayye, mai arahar nan. Da ganin baƙin mai a faratansa, bakanike ne. Yana murza hannun keken da ƙarfi, zare yana ta zillewa.

"Baba, a hankali, ba injin niƙa ba ne," in ji wata nas.

Ya yi dariya. "'Yata, magani ya kwashe gashin maiɗakina, kuma ta rantse ba za ta sa hular kanti ba, shi ya sa nake saƙa mata."

Ya warware, ya sake ɗaura zaren, yana juyawa kamar mai shafa kan jariri. Layin farko ya kama. Hannuna ma ya lafa.