Ruwan Bagaruwar da Ya Tsare Ni a Kan Iyaka

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai ji da kansa, ɗan gidan majema a Gwaram. Sana'armu ta gado ita ce yin buzu, fatar ragon nan mai gashi da malamai ke zama a kai. Na tashi hannuna na warin jima, har nake ganin babu mai koya mini komai a kan fata. Amma sana'ar na mutuwa muna kallo, domin dillalan birni na kwashe fatu masu kyau tun naman layya bai huce ba, darduma kuma ta cika kasuwa. Ana cikin haka wani babban malami a Birnin Kudu ya aiko cewa ɗalibansa za su yi sauka, yana son kowannensu ya fita da buzunsa. Baba ya ce wannan ne gwajin ƙarshe. In mun fita kunya gida ya ci gaba da jima, in ba mu fita ba zai cike ramukan jimar ya koma gonarsa ta garin Sara.

Na roƙi a bar ni in tsallaka Nijar bayan Babbar Sallah in sayo fatun manyan raguna. Baba ya ce in je, amma in dinga tambaya. Wannan nasiha a bakin ƙofa na ajiye ta. Fatu kam na samu. Yawancinsu da gashinsu an barbaɗa musu gishiri, wasu an riga an cire musu gashi da toka na haɗa saboda araha, har da masu laushi na 'yan raguna. Damina ce, ina tsoron ruɓa. A gidanmu in fata ta fara sauya wari, tsoma ta ake yi a ruwan bagaruwa ta kama jikinta. Haka na yi wa wasu a gidan mai masaukina, ina ta yaba wa kaina wayo. Daga nan na ɗaure su yadda muka saba, babba da babba, ƙarama da ƙarama, ban kula da abin da aka yi wa kowacce ba.

A kan iyaka jami'in kwastam ya tambayi abin da na ɗauko, na ce ɗanyun fatun tumaki ne duka. Ya sa aka kwance ɗauri guda, ya shafa, ya shinshina, ya zaro wata da ta yi jaja-jaja. Ya ce su ba girman fata suke dubawa ba. Mai gashi ajinta daban, wadda aka cire wa gashi daban, wadda ta sha bagaruwa kuwa ta bar sahun ɗanyu ta shiga na jemammu, kuɗin fitonta ma ba ɗaya ba ne. Tunda abin da na faɗa ya saɓa da abin da ke cikin ɗauri, kaya ba za su motsa ba sai an ware su, babban jami'insu ya zo ya gani. Na hau musu, ina cewa kakana ma majemi ne. Ya ce bai ƙi ba, amma ba kakana ne ya rubuta dokar ba.

Kaya suka zauna ƙarƙashin tamfol, sama ruwa, ciki zafi, ni kuma ina ta kumbure-kumbure na ƙi warewa. Ran nan na ja gashin wata fata, sai ya biyo yatsuna kamar ana figar kaza. Buzu ba gashi ai ba buzu ba ne. Na zauna a kan ɗauri na yi kuka, ina hango Baba yana zuba ƙasa a ramukan da mahaifinsa ya haƙa. Jami'in nan da nake ta zagi a zuci shi ne ya zo ya ce in share hawaye in nemo gishiri. Ya ba ni wuri a rumfa na baje kaya, na sake musu gishiri, na yi tsibi uku yana tsaye yana nuna mini. Da babban nasu ya zo bai jima ba ya gama. Na biya abin da ya hau kaina, tsibin bagaruwa ya fi kowanne cizo.

Na shiga gida ina jan ƙafa. Baba ya duba fatun ɗaya bayan ɗaya, ga shi masu gashin da suka tsira ba su kai yawan ɗaliban ba. Can ya ɗauki wata mai sanƙo ya juya ta, ya ce lafiyarta lau, gashin ne kawai ya yi fushi. Washegari ya hau babur ya je ya gaya wa malam gaskiya, ya ce waɗanda buzu bai kai kansu ba zai jeme musu jar fata a ɗinka gafaka, jakar adana Alƙur'ani. Malam ya yi dariya, ya ce tsoronsa kada masu buzun su ce an cuce su. Ranar sauka na ga kowane ɗalibi da abinsa a hannu, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Tun daga nan gafaka ta zama rabin aikinmu, ramukanmu kuma suna nan cike da ruwa.

Abin da na koya shi ne sanin fata a gida daban, saninta a kan iyaka daban. 'Yan uwana masu fatauci, kafin ku ɗaure kaya ku je ku ji yadda hukuma ke kasa su, ku ware kowane aji da ɗaurinsa, kada kuma dabarar gida ta sa ku taɓa fata da bagaruwa kafin ta tsallako. Baba ya tsufa yanzu, ba ya iya sunkuyawa a bakin rami. Har gobe in zan tafi sai ya ce in dinga tambaya, ni kuma yanzu da ita nake fita daga ƙofa.