Kukan Ɗan Akuya a Cikin Akwati

Lorene Tackett ta ba shekara sittin baya, kuma tun tana budurwa take kiwon awaki a tuddan yammacin Texas. Taurin kai kuwa ba a magana, ko marigayi mijinta bai taɓa tanƙwara ta ba. A bazarar nan wata tsohuwar dila ta sa mata ƙahon zuƙa, ta cinye mata 'yan awaki goma sha ɗaya cikin sati uku. Yayanta Hollis, wanda suka gaji filin tare, ya ce in aka ƙara rasa biyu zai sayar da garken kowa ya huta.

Ta sayo akwatin kiran namun daji, mai lasifika da rimot, da jelar gashi mai kaɗawa a kan sanda. Safiya tara tana kunna kukan zomo. Ina! Ko ƙeyar dilar ba ta gani ba.

"Ke dai ba kya jin magana," in ji Hollis yana kurɓar kofi. "Kowane ƙato a yankin nan zomon nan yake kunna mata. Ta haddace shi tsaf."

"To Yaya, tashi mana ka kamo ta da hannu, tunda bakinka ya fi bindigata aiki."

Amma maganar ta tsaya mata a rai. Ranar Talata ta tarar da wani ɗan akuya a gindin shinge, an farke masa ciki, yana ta kuka. Har ta zaro wuƙa, sai ta dakata, ta ciro wayarta. Minti biyu cur ta kara masa ita a baki tana ɗaukar muryarsa, hawaye na zubo mata, tana cewa, "Yi haƙuri, ɗan nan, yi haƙuri." Sannan ta hutar da shi. Ta ji ta tsani kanta ranar.

Washegari ta zuba muryar a akwatin, ta dasa shi taku tamanin daga maɓoyarta, ta zauna inda iska ke bugun fuskarta don kada a shinshino ta. Ta danna.

Abin da ta manta, garken yana bayan wani tudu a nan kusa. Uwar ɗan ce ta fara zuwa. Ta tsallake shinge a guje, hantsa cike da nono, tana amsa kukan. Can bayanta ga dilar tana sanɗa cikin ciyawa. Lorene ta cije leɓe, ta jira har akuyar ta kauce daga saitin. Harsashi ɗaya ta saki.

Hollis ya iso da mota, ya dubi gawar dilar, ya cire hula.

"Garke ya zauna, ƙanwata, ba za a sayar ba."

Akuyar na tsaye tana lasar akwatin, tana jira ya sake magana. Aka kore ta, ta dawo. Dole Lorene ta saƙale shi a hammata ta kama hanyar gida a ƙasa, akuyar na bin ta tana kiran ɗanta.