Dutsen da Ya Daina Jan Toka

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana, Habu Mai-tsakiya na Maigatari. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan toya waina in yi masa sadaka, in tara jikoki in ba su labarin kirkinsa. Bana ma na yi sadakar, amma labarin ya ƙi fitowa daga bakina. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi, tun da Allah ya sa na koyi boko da furfurata.

Waɗanda suka san kasuwar Maigatari a farkon zuwan Turawa sun san rumfarsa. Sana'arsa goge duwatsun ado da huda su. Ƙasarmu yashi ce, ko dutsen niƙa sai an kawo mana daga nesa, don haka mutanenmu ba su san dutse ba. Mace ba ta sayen tsakiya, wato dutsen wuya, a hannun bafatake sai ta kai wa Yaya Habu ya duba. In ya ce dutse ne an gama magana, in ya ce kwalba ce mai kaya ya naɗe tabarmarsa.

Ni ce autarmu, kuma ni kaɗai ya koya wa sanin nan, a kan dutsen Innarmu. Kakanmu ne ya samo shi wurin wani Buzu da ya sauko da ayari daga Azbin. Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, kore shar kamar ɗanyen ganyen zogale, gefensa uku masu ɗan kumburi, da zane-zane sirara a tsaye daga kai har gindi. In ka dube shi ta gefe haske na ratsa shi, in ka leƙa ta kansa sai ya yi duhu. Yana zana jikin kwalba, amma wuƙa ba ta zana shi. Yaya ya taɓa kwantar da shi yini guda a ruwan tsamiya, wata rana a ruwan kanwa, ya fito yadda ya shiga. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, in aka ajiye shi kusa da murhu ya ɗauki ɗumi, sai toka da ƙaiƙayi su tashi su manne a bakinsa. Ya ce duk duwatsun da suka bi ta hannunsa bai ga mai yin haka ba. Ya kuma ce mini, "Ladi, riƙe wannan. Dutsen Allah ba ya da kumfa a ciki. In kin ga kumfa, wutar mutum ce ta yi shi."

Da Inna ta rasu, dutsen ya faɗo a rabona. Ba shi da huda, a ƙulle take ajiye shi cikin tsumma, ni kuwa ina son a gan shi a wuyana. Na kai wa Yaya. Ya juya shi, ya ce zai yi wuya, dutsen ya fi ƙarfin tsinkensa, amma in bar shi ya gwada. A shekarar ne damina ta ƙi, yunwa ta shigo. Na baro gidan mijina a Sule Tankarkar da 'ya'ya biyu na dawo gidan Yaya, domin rumbunsa kaɗai ke da gero a unguwar. Mutane suna ta yaba tanadinsa. Ana gab da sabuwar damina ya miƙo mini dutsena da huda tsaf, an zura masa kirtani.

Ranar na kai shi bakin murhu don in nuna wa yara. Toka ko motsi ba ta yi ba. Na tambaye shi, ya ce ai huda ce ta fitar masa da ƙarfi, haka suke yi. Na yarda. Wa zan tambaya bayan shi?

Matarsa Hansai ce ta gaya mini gaskiya, bayan shekara uku. Akwai wasa tsakaninmu irin na matar wa da ƙanwar miji, don haka da ta fara na zaci tsokana ce. Muna tsakar gida tana tankaɗe, ta ce, "Ladi, ki daina rantsuwa da abin wuyan nan gaban mutane. Gindin kwalba ne." Ta ce wani Bature mai awon ƙasa ya sauka a garin, tafintansa na yawo yana cigiyar duwatsu, Yaya ya ba shi dutsena a shekarar yunwar, aka cika wa Yaya rumbu. Ta ce ita ta riƙa zuba masa ruwa yana goge kwalbar, har zane-zanen jikin ya yi da magagari.

Na zage ta tas. Na kira ta maƙaryaciya, mai son raba zumunci, na tara mata maƙwabta. Yaya yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana jin komai. Na ce, "Yaya, ka ji abin da matarka ke faɗi?" Bai ɗago kai ba, ya ce, "Ƙyale ta." Kalma biyu ke nan. Kafin shekara ta zagayo Hansai ta koma gidansu a Gagarawa da sunan mai ƙirƙirar sharri, kuma ni na raɗa mata sunan. Ko da ya rasu ta aiko da gaisuwa, na ce a mayar mata.

Bara, da kaka, na cire abin wuyan zan ba jikata. Kirtanin ya tsufa, ya tsinke, dutsen ya faɗa kan dutsen niƙa ya rabe biyu. Na ɗauka ina salati, na ɗaga shi sama wajen haske. A tsakiyar rabi ɗaya ga kumfa nan, 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar gero ba. Na gwada shi a jikin kwalbar man gyaɗa, bai zana ba. Na sa masa wuƙa, ta ci. Duk gwajin nan da hannunsa ya koya mini, kuma ina da wuƙa da kwalba a ɗakina shekara kusan arba'in, ban taɓa gwadawa ba, saboda shi ne ya ba ni.

Kada mai karatu ya zaci geron nake ƙi. Na ci, 'ya'yana sun ci, da shi suka rayu har suka haifa mini jikokin nan. Da ya ce, Ladi, ga Bature ga yunwa, wallahi da hannuna zan miƙa. Abin da ke cin raina shi ne ya zauna kwanaki yana goge kwalba don ni, ya san idon da zai yaudara domin shi ya horar da shi. Ya kuma bar ni na tozarta matar da ta ji tausayina, yana kallo. Na ji haushinsa, har yau ina ji, ba zan ɓoye ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Ya rasu ana maganar shimfiɗa hanyar jirgi ta Gagarawa. Yanzu jirgin na sauke duwatsun kwalba buhu-buhu, 'yan mata na saye sun san kwalba ce, ba mai damuwa. Wataƙila ya yi dariya ya ce ya riga kowa. Wataƙila kuma ya ji kunya, domin waɗannan ba a sayar da su da sunan gadon uwa.

Bayan sallah na shiga mota na tafi Gagarawa. Na sami Hansai ta tsufa, idonta ya yi rauni. Na durƙusa na sa mata rabi biyun a tafin hannu, na ce, "Yaya Hansai, na zo ki yafe mini." Ta shafa su da yatsa, ta daɗe, sannan ta ce, "Na zaci yayanki ya yi aikin da ba zai fashe ba sai bayan raina. Tashi, Ladi, ki sha ruwa." Da zan tafi ta riƙe rabin da ke da kumfar, ta ce in bar mata shaidarta.

Abin da ya rage na Yaya Habu a duniya bai da yawa. Rumfarsa wani mai goro ke ciki. Saninsa yana wurina, har yau mata na kawo mini tsakiya in duba, kuma tun bara ba na barin dutsen kowa ya bar idon mai shi, a gabanta nake gwadawa in mayar mata. Ina roƙon Allah ya gafarta masa, ɗan'uwana ne, ya ciyar da ni. Amma wainar bana na raba ta biyu, na aika rabi Gagarawa tun da zafinta, domin wadda ta gaya mini gaskiya tana nan da rai.