Kawu Gad da Jirginsa Marar Birki

Duk wanda ya zauna a unguwar Kpakungu ta Minna zamanin Kawu Gad ya san usur ɗin nan. Shekara talatin mutumin nan ya yi a taragon ƙarshe na jirgin ƙasa, shi ne gad mai ɗaga tuta, kuma da ya yi ritaya sai ya mayar wa reluwe komai nata banda usur da tutoci biyu, ja da kore. Tuwo ya sauka, fiiit! Lokacin salla ya yi, fiiit! Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, har yau in na ji alƙalin wasa ya busa usur sai in ji kamar in miƙe in ɗauko kwano.

Amma babban sha'aninsa, Allah ya ji ƙansa, yawon ruwa ne. Duk shekara in ruwa ya ja bayan kaka, sai ya kwashe mu, iyali da abokai, mu hau jirgin safe zuwa Zungeru, mu gangara kogin Kaduna inda wani Banufe abokinsa, Ndagi, yake jiranmu da ƙaton kwalekwale. Mu bi ta ƙarƙashin tsohuwar gadar reluwe, wadda ya rantse babansa ya ɗauki ƙarfenta a ka, mu zagayo. Kawu fa bai iya iyo ba, bai san bambancin filafilin tuƙa kwalekwale da muciya ba. In ka ce masa ai wannan ba irin jirginsa ba ne, sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "Jirgi jirgi ne."

Buri ɗaya gare shi a yawon nan: ya ga matarsa Inna Hajo cikin kwalekwalen, ko sau ɗaya. Ita kuwa ta ce allambaram. Sai ta shimfiɗa tabarmarta a bakin gaɓa, ta tsare kulolin abinci, tana kallonmu har mu dawo.

Kun tuna shekarar da ya bar Malam Sule tela na unguwar Shango a gaɓa? Amininsa ne fa tun suna yara. Sule ya ɗan zaga bayan wani dutse, kafin ya fito Kawu ya duba agogo, ya ɗaga kore, ya busa. Ndagi ya tura.

"Gad! Gad! Ku tsaya mana, ga ni!"

"Ka makara, Sule."

"Haba, taku biyu ne fa! Ndagi, dawo da shi baya!"

"Jirgi ba ya ribas," in ji Kawu. "Sai tasha ta gaba."

Tasha ta gaba kuwa wani tudun yashi ne can ƙasa. Haka Malam Sule ya naɗe babbar riga, takalmi a hannu, ya bi gaɓa da gudu yana tsalle cikin ciyawa, mu kuma muna ta faɗuwa kan juna don dariya. Da ya iso yana haki, Kawu ya miƙa masa hannu da fara'a: "Maraba da sabon fasinja! Malam, a hanya ba ka ga wani Sule da muka bari ba?"

Wata shekarar kuma shanun Fulani muka tarar suna ƙetare kogi, kawunansu kaɗai ake gani. Kawu ya miƙe tsaye, ya zaro jar tuta.

"Ndagi, taka birki!"

"Baba Gad, zauna don Alla, kana girgiza shi!"

"Na ce birki!"

"Ruwa ba shi da birki, Baba."

Kawu ya yi sororo. "Ba birki? To wane ne ya ba shi izinin ɗaukar fasinja?" Sai ya juya kan shanun yana kaɗa musu tuta yana busa. Ikon Allah, wani bijimi ya ɗan karkata, muka wuce daf da ƙahonsa. Kawu ya zauna yana gyara hula. "Kun gani? Saniya ta fi Sule sanin doka."

Inna Hajo kuwa, ba dabarar da bai yi mata ba. Ya taɓa ɗauko kujerar falonsa tun daga Minna, ya girka a tsakiyar kwalekwale ya ce fes kilas ce, ta manyan mata. Ta ce, "Malam, a kai kasuwa." Ya taɓa tura mata Malam Sule biko, kamar wadda ta yi yaji. Da abin ya ishe shi sai ya koma tsokana, yana shela a gaban kowa: "Jama'a, ku zo ku ga 'yar Yawuri mai tsoron ruwa! An haife ta a bakin Kwara, amma ko randa sai ta yi bismilla uku kafin ta leƙa!" Ita dai murmushi kawai take yi ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Amma ni da nake zama kusa da shi na san abin yana ci masa rai. Duk nisan da muka yi, sai ya yi ta waiwayen tabarmar nan.

Shekarar ƙarshe ciwon ƙafa ya riga ya kama shi, sai da aka tallafe shi ya shiga. Bai tsokane ta ba ranar. Cewa kawai ya yi, a hankali, "Hajo, ban san ko baɗi zan iya zuwa ba."

Ta dube shi. Ta rufe kula, ta ɗaure zani tamau, ta tako ta shiga ba wanda ya riƙe mata hannu. Kwalekwalen ko motsi bai yi ba. Muka kaure da guɗa, Malam Sule har da tafi.

Mun wuce gada kenan sai gorar da Ndagi yake tura jirgi da ita ta maƙale tsakanin duwatsu, ta kuɓuce masa. Kwalekwale ya fara juyi da mu, mata na salati, Kawu na kiran birki da ƙarfi. Ban ga lokacin da Inna ta miƙa hannu ta ɗauki filafili ba. Ta durƙusa a gefe, ta tsoma sau biyu nan, sau ɗaya can, ta murɗa. Jirgi ya miƙe ɗoɗar kamar an ɗora shi kan layin dogo.

Ndagi ya riƙe baki, Hausar tasa har ta karkace. "La ila! Inna, ashe kai ma ya iya ruwa haka?"

"Da shi babana ya ciyar da mu," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Kawu ya dube ta, ya dubi filafilin da ke hannunta. Can ya ce, "Hajo, shekara goma sha biyu ina kiranki matsoraciya a gaban mutane. Me ya hana ki shiga?"

"Malam, jirginka ne. Da na shiga tun farko, ai da yaran nan sun gane wanda ya iya."

Ya share ido da hannun riga, ya gyara murya. "Fasinjoji, sanarwa! An ƙara wa Hajo girma zuwa direba. Ndagi, kai ka koma zuba gawayi."

Ita ta tuƙa mu har gaɓa, shi yana zaune kusa da ita yana ba ta umarnin da ba ta bi ko ɗaya ba. Baɗin kuwa bai zo masa ba.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa tsokanarsa, ya sa ya huta. Inna Hajo da ta rufa masa asiri shekara da shekaru, Allah ya rufa nata, ya haɗa su a inda ba rabuwa. Amin.